Tubular Bells: Kundin kiɗa zalla da ya kafa daular Virgin, da kason da aka bar wa makaɗinsa

Tubular Bells shi ne kundin kiɗa na farko da Mike Oldfield, makaɗin jita ɗan ƙasar Ingila, ya fitar da sunansa shi kaɗai. Ya shiga kasuwa ranar 25 ga Mayun 1973, kwana goma bayan mai shi ya cika shekara 20 da haihuwa. Tsawonsa kusan minti 49 ne, an raba shi gida biyu, kowane kashi ya cinye fuska guda ta faifan garmaho, kuma tun daga farkonsa har ƙarshe babu baitin waƙa ko ɗaya. Yawancin kayan kiɗan da ake ji a ciki Oldfield ne ya kaɗa su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ana ɗora sauti a kan sauti.

Shi ne kuma faifai na farko da kamfanin Virgin Records ya fitar, yana ɗauke da lamba V2001. An ƙiyasta cewa an sayar da kwafinsa kimanin miliyan 15 a duniya, fiye da miliyan biyu da rabi a Birtaniya kaɗai. Ribar da ya kawo ce ta zama jarin da Richard Branson, wanda a lokacin matashi ne mai shagunan faifai da bashi ya yi wa katutu, ya fara gina kasuwancin da ya kai shi ga mallakar jiragen sama, har sunan kamfaninsa ya hau jikin jirgin da aka ce zai maye gurbin Nigeria Airways. Shi kuwa makaɗin, takardar da ya sa wa hannu ta ɗaure shi shekara goma sha takwas. Wanda ke son fahimtar yadda ake raba kuɗi tsakanin mai fasaha da mai jari zai samu darasi a cikin wannan faifai fiye da mai neman abin rawa.

Kiɗa ba tare da mawaƙi ba

Bahaushe ya bambanta kiɗa da waƙa, kuma ya san wanne ne gaba. Mawaƙi ke tsayawa a tsakiya, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, sunansa ake kira idan an tashi biyan kuɗi. Kasuwar faifai ta Turai da Amurka ma haka ta ginu: waƙa ta minti uku, da murya mai daɗi, da amshin da za a iya riƙewa, domin gidajen rediyo su samu abin sakawa tsakanin tallace-tallace.

A ƙarshen shekarun 1960 wasu ƙungiyoyin matasa a Birtaniya suka fara karya wannan ƙa'ida. Salon nasu shi ake kira furogiresif rok, wato rok mai ƙetare iyaka. Sukan tsawaita kiɗa guda ya kai minti ashirin, su aro tsarin kiɗan gargajiyar Turai na manyan zauruka da na jaz, su riƙa sauya gudu da bugu a tsakiyar tafiya. King Crimson ta buɗe ƙofa da kundinta na 1969, sannan ga Yes, da Genesis, da Jethro Tull, da Emerson, Lake & Palmer. Wata biyu kafin fitowar Tubular Bells, Pink Floyd ta saki The Dark Side of the Moon. Sai dai dukkan waɗannan ƙungiyoyi ne, kuma kowace tana da mawaƙinta. Oldfield ba shi da ƙungiya, ba shi da mawaƙi, ba shi da suna. Abin da ya sa manyan kamfanoni irin su EMI da CBS suka saurari gwajinsa suka mayar masa ke nan: a ganinsu kiɗa zalla ba ya sayuwa.

Yaron Reading da rikodar aro

An haifi Oldfield ranar 15 ga Mayun 1953 a garin Reading, yamma da Landan. Mahaifinsa likita ne, mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Ailan. Ta daɗe tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, lamarin da ya sa yaron ya riƙa kulle kansa a ɗaki da jita, kamar yadda ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, Changeling, na 2007. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15. Shi da yayarsa Sally suka kafa ƙungiyar mutum biyu mai suna The Sallyangie, suka fitar da faifai guda, sannan a 1970 ya shiga ƙungiyar Kevin Ayers a matsayin mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa.

Da ƙungiyar ta watse a 1971, Ayers ya ara masa rikodar tef samfurin Bang & Olufsen. A nan ne wata dabara ta shigo, wadda ita ce tushen kundin gaba ɗaya. Rikodar tef takan goge abin da ke kan zaren kafin ta naɗi sabo, domin akwai wani ɗan kai da aikinsa ke nan. Oldfield ya toshe wannan kai da guntun kwali. Ta haka ya samu damar naɗar kiɗa, ya mayar da zaren baya, ya ɗora wani a kansa ba tare da na farkon ya ɓace ba. A wani ɗaki a unguwar Tottenham da ke arewacin Landan, da jitarsa da wani ogan na lantarki da ya aro daga David Bedford, ya haɗa gwajin abin da ya kira Opus One. Ya sha faɗin cewa kundin Ba'amurke Terry Riley, A Rainbow in Curved Air, ya yi tasiri a kansa, musamman yadda gajerun sautuka ke maimaita kansu suna zagaye.

Shekarar 1972 ta zo masa da talauci. Ya taɓa kaɗa jita a matsayin ɗan cike gurbi a wasan dandamali na Hair, kuma yana ta yawo da tef ɗinsa babu mai karɓa. A cewarsa, ya ji labarin cewa Tarayyar Sobiyet tana biyan makaɗa albashi daga baitulmali, kuma yana cikin neman lambar ofishin jakadancinta ne aka yi masa waya daga Virgin.

Branson, kwastan da gidan The Manor

Branson ya girmi Oldfield da shekara uku kacal. Ya fara da mujallar ɗalibai mai suna Student, ya koma sayar da faifai ta gidan waya a 1970, ya buɗe shagonsa na farko a titin Oxford na Landan a 1971. A shekarar ce jami'an kwastan suka kama shi. Yakan cike takardu cewa zai fitar da faifai ƙasar waje domin ya kauce wa harajin saye, sannan ya juyo da su ya sayar a gida. Ya kwana ɗaya a tsare, aka sasanta a kan zai biya fam 60,000. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa na 1998, kuma ya amsa cewa neman kuɗin biyan tarar ya sa ya ƙara ƙaimi wajen faɗaɗa kasuwanci.

A shekarar dai ya sayi wani tsohon gida a ƙauyen Shipton-on-Cherwell kusa da Oxford, da kuɗin bashi, ya mayar da shi situdiyon da makaɗa za su zo su kwana su yi aiki. Shi ne The Manor. Oldfield ya fara zuwa gidan a ƙarshen 1971 yana yi wa wani mawaƙi, Arthur Louis, kiɗan bes, ya kuma sa injiniyoyin wurin, Tom Newman da Simon Heyworth, suka saurari gwajinsa. Su suka kai maganar ga Branson da ɗan uwansa Simon Draper, wanda ya zo daga Afirka ta Kudu kuma shi ne mai kunnen kiɗa a kamfanin. Sai da aka shekara guda kafin a kira shi.

An ba shi mako ɗaya a Nuwambar 1972, ya naɗi kashi na farko a kan na'ura mai layi 16. Kashi na biyu ya yi shi ne tsakanin Fabrairu da Afrilun 1973, a sa'o'in da babu mai biyan kuɗi a situdiyon. A tsakani, Branson da Draper sun ɗauki kashi na farko zuwa kasuwar baje kolin kiɗa ta MIDEM a birnin Kan na Faransa domin su sayar wa wani kamfani. Ba su samu mai saye ba. Da wani ya saya a ranar, da tarihin Virgin ya bi wata hanya dabam, domin rashin mai saye ne ya sa suka fitar da shi da kansu.

Abin da kunne ke ji

Kundin ya buɗe da fiyano yana maimaita wani gajeren salo a saman murya. Yawancin kiɗan da ake ji a rediyo yana tafiya ne da bugu huɗu-huɗu, takwas ko goma sha shida kafin ya zagayo. Wannan salo bugu 15 yake yi. Bugu ɗayan nan da ya ɓace shi ke hana mai sauraro sakewa: duk lokacin da kunne ya yi tsammanin an kai gida, sai ya tarar an riga an sake tashi. A kan wannan zagaye ake ɗora ogan, da bes, da ƙananan ƙarafa masu ƙara kamar ta gilashi, har sautin ya cika.

Daga nan kashi na farko ya riƙa sauya kama. Wani wuri jitar katako ce a hankali, wani wuri jitar lantarki mai tsawa, wani wuri sarewa. Oldfield yakan rage gudun tef zuwa rabi, ya kaɗa jita, sannan a mayar da gudun daidai, sai sautin ya fito siriri da sauri kamar na mandolin. Jitar lantarkin da ya yi aiki da ita samfurin Fender Telecaster ce wadda a da mallakar mawaƙi Marc Bolan ce. Akwai 'yan taimako: Jon Field ya busa sarewa, Lindsay Cooper ya kaɗa babbar bes ta katako, Sally Oldfield da Mundy Ellis suka yi amshi mara kalmomi, Steve Broughton ya buga ganguna a kashi na biyu.

Mintunan ƙarshe na kashi na farko su ne suka ba kundin sunansa. Bes tana maimaita salo guda, sai wata murya ta riƙa shelar kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kamar sanƙira a ƙofar fada yana sanar da isowar baƙi, kowanne idan an kira shi ya shigo ya ɗauki karin ya miƙa wa na gaba. Muryar ta Vivian Stanshall ce, ɗan barkwancin ƙungiyar Bonzo Dog Doo-Dah Band, wanda ya zo gidan domin nasa aikin. Na ƙarshe da ya kira su ne ƙararrawar bututu, wato dogayen bututun ƙarfe da ake ratayewa a jere ana dukansu da guduma ta katako. Ba a ma yi niyyar sa su ba. Oldfield ya gan su ana shirin kwashewa bayan John Cale ya gama aiki a situdiyon, ya roƙa a bar masa. Da sautinsu ya ƙi fitowa yadda yake so, ya ɗauko gudumar kafinta ya dake su. Yadda Stanshall ya furta sunansu da alfahari ya sa aka yi watsi da Opus One. Hoton bangon, ƙararrawa lanƙwasasshiya tana shawagi a saman teku, aikin mai ɗaukar hoto Trevor Key ne.

Kashi na biyu ya fi natsuwa, ya kuma fi rauni ta fuskar tsari. Yana da wurare masu kyau ƙwarai, musamman inda jitoci ke kwaikwayon algaitar Sikotlan, amma ana jin cewa guntaye ne aka jera. A tsakiyarsa akwai wurin da Oldfield ke gurnani da ihu babu kalma. Asalinsa fushi ne: Branson ya matsa a sa murya ko da a wuri ɗaya domin a samu abin kai wa rediyo, shi kuwa makaɗin ya sha barasa ya shiga ya yi ta kururuwa, aka rage gudun tef ɗin har muryar ta koma kamar ta dodo. An rufe kundin da tsohon kiɗan matuƙan jirgin ruwa na Ingila, The Sailor's Hornpipe, yana ƙara sauri har ya tsaya.

Rediyo, mota da fim ɗin aljanu

Kwana huɗu bayan fitowarsa, John Peel ya saka kashi na farko na kundin a shirinsa na gidan rediyon BBC. A lokacin da tashoshin kiɗa ba su da yawa a Birtaniya, kuma matasa masu sayen faifai sun yarda da kunnen Peel, wannan ya fi kowace irin talla. Ranar 25 ga Yuni aka shirya kaɗa shi kai tsaye a zauren Queen Elizabeth da ke Landan, da makaɗa da dama, ciki har da Mick Taylor na Rolling Stones. Oldfield, wanda taron jama'a ke firgita shi, ya ce ba zai hau dandamali ba. Branson ya yi masa alkawarin tsohuwar motarsa Bentley idan ya hau. Ya hau, ya karɓi makulli.

Abin da ya kai kundin Amurka kuwa fim ne. Darakta William Friedkin ya yi watsi da kiɗan da Lalo Schifrin ya tsara wa The Exorcist, labarin yarinyar da aljani ya shiga jikinta da limaman Katolika da ke ƙoƙarin fitar da shi. Yana neman madadi ya ci karo da faifan Oldfield a ofishin Atlantic Records, kamfanin da ke da lasisin sayar da shi a Amurka. Ɗan abin da ya ɗauka daga buɗewar fiyanon kaɗan ne, amma fim ɗin da ya fito a Disambar 1973 ya yi tashen da ya sa har yau mutane da yawa suna jin salon nan a matsayin kiɗan tsoro, alhali ba don haka aka yi shi ba. Atlantic ta yanko guntu ta fitar a ƙaramin faifai ba da yardar makaɗin ba, ya kai na 7 a jadawalin Billboard, kundin kuma ya kai na 3. A 1975 aka ba Oldfield kyautar Grammy ta tsara kiɗa zalla.

A Birtaniya kundin ya yi ta hawa a hankali cikin watannin da ƙasar ke fama da tsadar man fetur, da yajin aikin masu haƙar kwal, da dokar aikin kwana uku a mako ta gwamnatin Edward Heath. Bai kai na ɗaya ba sai Oktoban 1974, kuma wanda ya ture daga saman shi ne Hergest Ridge, kundin Oldfield na biyu. Jimillar makonnin da ya yi a jadawalin sun haura shekara biyar. Mai shi a lokacin ya gudu zuwa wani ƙauye a kan iyakar Ingila da Wels, ba ya amsa 'yan jarida, yana fama da firgici. Mahaifiyarsa ta rasu a farkon 1975.

Kaso biyar cikin ɗari

Virgin ba ta da takardar yarjejeniya tata a 1973. Branson ya ba da labarin cewa sun aro ta mawaƙiya Sandy Denny da kamfanin Island, suka sake buga ta da keken rubutu, suka canza sunaye. Abin da ta ƙunsa shi ne Oldfield zai yi wa Virgin kundaye goma, a ba shi kaso 5 cikin 100. Bayan haka, Branson ne manajansa. Ma'ana, mutumin da aikinsa shi ne ya zauna da kamfani ya yi ciniki a madadin makaɗi shi ne mai kamfanin.

A ɗaya ɓangaren, Virgin ta yi wa kanta ciniki mai kyau. Island ta nemi a ba ta lasisin kundin ta riƙa biyan Virgin kaso. Branson ya ƙi, ya zaɓi Island ta buga faifan ta rarraba kawai a biya ta ladan aikinta, mallaka da ragowar riba su zauna a hannun Virgin. Hatsarin ya fi yawa ta wannan hanya, domin da faifan bai sayu ba asarar tasu ce. Da ya sayu kuwa, kaso mafi tsoka ya zama nasu.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanin. Kaso biyar ba baƙon abu ba ne ga sabon makaɗi a wancan zamani. Babu wanda ya yarda ya sa kuɗinsa a kan tef ɗin sai Virgin, ita ta ba da situdiyo da injiniyoyi, ita ta yi ta buga waya har rediyo ya saka. Matsalar tana wurin tsawon ɗaurin da kuma rashin mai tsaya wa makaɗin. Kundi goma rayuwar aiki ce sukutum, kuma farashin da aka yanka wa yaron da ba a sani ba shi aka ci gaba da biyan mutumin da ke riƙe da kamfanin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da ya shigo hannunsa ma hukuma na jira, domin daga 1974 harajin masu babban samu a Birtaniya ya kai kaso 83 cikin 100.

Ba shi kaɗai ya shiga irin wannan tarko ba, kuma kotunan Ingila sun fara duba lamarin a daidai lokacin. A 1974 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta soke yarjejeniyar marubucin waƙa Tony Macaulay da kamfanin Schroeder, bisa hujjar cewa ta tauye masa 'yancin sana'a fiye da kima. A 1982 Gilbert O'Sullivan ya yi nasara a kan manajansa Gordon Mills da kamfanin MAM, shari'ar da ta ta'allaƙa a kan manajan da ke cin riba ta ɓangare biyu. Oldfield ma ya ɗauki lauya a farkon shekarun 1980. An sasanta ba tare da hukunci ba: aka ƙara masa kaso, shi kuma ya amince da ƙarin kundaye.

Dangantakar ta ci gaba da tsami. A 1977 Virgin ta ɗauki Sex Pistols, jagororin salon fank, waɗanda ke yi wa dogon kiɗa irin na Oldfield kallon kayan tsofaffi, kuma hankalin kamfanin ya koma can. An riƙa matsa masa ya yi gajerun waƙoƙi, ya kuwa yi, har Moonlight Shadow ta 1983, da muryar Maggie Reilly, ta mamaye Turai. Abin da ya ƙi bayarwa shi ne Tubular Bells na biyu. Da aka nema a 1990, sai ya miƙa Amarok, kiɗa guda na minti 60 wanda ya tsara yadda ba za a iya yanko guntu a kai rediyo ba. A cikinsa ya ɓoye zagi da siginar Morse, ya rufe da haruffan RB, sannan kusa da ƙarshe wata 'yar wasa, Janet Brown, ta kwaikwayi muryar Margaret Thatcher. Ya cika alkawarinsa da Heaven's Open a 1991, ya koma Warner, ya fitar da Tubular Bells II a 1992, ya tafi na ɗaya a Birtaniya.

Inda sunan Virgin ya biyo ta Najeriya

Kuskure ne a ce duk dukiyar Branson daga faifai ɗaya ta fito. Culture Club da Human League da Phil Collins sun kawo wa kamfanin kuɗi masu yawa a shekarun 1980. Amma ribar Oldfield ce ta riƙe shi a shekarunsa na farko, ta ba shi abin ɗaukar wasu makaɗa. Cikin inda aka zuba kuɗin akwai rege na Jamaika, kuma babban dalili shi ne kasuwar Najeriya, wadda a zamanin arzikin man fetur take sayen faifan rege da yawa. A 1978 Branson ya tafi Kingston tare da John Lydon na Sex Pistols suna ɗaukar mawaƙa, aka kafa reshen Front Line mai su U-Roy da Mighty Diamonds da Gladiators. Kasuwar ta durƙushe bayan matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, waɗanda suka taƙaita shigo da kaya.

A 1984 aka kafa Virgin Atlantic. A 1992 Branson ya sayar da Virgin Records ga Thorn EMI a kan kimanin dala biliyan 1 domin ya tallafi kamfanin jiragen a fafatawarsa da British Airways, kuma haƙƙin Tubular Bells yana cikin kayan da aka sayar. An raɗa wa ɗaya daga cikin jiragen Boeing 747 na kamfanin suna Tubular Belle.

Obasanjo ya sake haɗuwa da Virgin yana shugaban farar hula. Bayan rushewar Nigeria Airways a 2003, gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar kafa Virgin Nigeria a 2004, Virgin Atlantic na da kaso 49, masu zuba jari na Najeriya na da 51. Ya fara tashi a Yunin 2005. A 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, rikici ya ɓarke a kan umarnin ya kwashe zirga-zirgarsa ta cikin gida daga ɓangaren ƙasa da ƙasa na filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas. Virgin ta ce an saɓa yarjejeniya, ta fara janye jiki. Kamfanin ya koma Nigerian Eagle Airlines a 2009, ya zama Air Nigeria a 2010 a hannun Jimoh Ibrahim, ya daina tashi a Satumbar 2012.

Bayan shekara hamsin

Oldfield bai taɓa gamsuwa da naɗin 1973 ba. Yana jin wuraren da jita ta kauce da inda bugu ya zame, sakamakon aikin mako ɗaya. Yarjejeniyarsa ta hana shi sake naɗar kundin har tsawon shekara 25. Bayan wa'adin ya cika ya sake shi daga farko a 2003, John Cleese ya karɓi aikin shela tunda Stanshall ya rasu a 1995. Sabon ya fi tsabta, amma masu sauraro da yawa sun ci gaba da komawa ga tsohon, kuma suna da hujja: gaggawar da ta jawo kurakuran ita ce ta ba shi rai.

Ranar 27 ga Yulin 2012 ya kaɗa buɗewar kundin a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan, a sashen da darakta Danny Boyle ya keɓe domin girmama hukumar kiwon lafiya kyauta ta Birtaniya, NHS, inda ma'aikatan asibiti na gaske suka yi rawa a tsakanin gadajen marasa lafiya. An yi hakan ne watanni kaɗan bayan gwamnatin David Cameron ta zartar da dokar sake fasalin hukumar, wadda ta jawo zazzafar muhawara. Shi da Branson sun shirya daga baya, kuma a Yunin 2021 kamfanin Virgin Orbit ya sa wa wani harba tauraron ɗan'adam da ya yi suna Tubular Bells: Part One. Kamfanin ya karye a 2023, shekarar da aka sanar cewa Oldfield ya yi ritaya, aka kuma fitar da bugun cika shekara 50 tare da gwajin minti takwas na kashi na huɗu da bai ƙarasa ba.

Haƙƙin kundin ya dawo hannunsa a 2008, shekara 35 bayan fitowarsa. Ya kai shi Mercury, reshen kamfanin Universal, aka sake fitar da shi a 2009. A 2012 Universal ta sayi ɓangaren faifai na EMI, wanda Virgin Records ke ciki, kuma a 2013 ta haɗe Mercury ta Birtaniya da Virgin suka zama Virgin EMI. Kundayensa biyu na ƙarshe, Man on the Rocks na 2014 da Return to Ommadawn na 2017, a ƙarƙashin wannan suna suka fito.